Daga fatar raƙumin dawa zuwa dajin Kure: lissafin da ke ɓoye a zanen halittu

Masu iya magana kan ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Tun ina yaro nake jin wannan karin magana a bakin manya, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda zanen ke hawa jikin zabuwar ba. Ka fasa ƙwanta, ba abin da za ka gani sai farin ruwa da gwaiduwa. In kuwa aka bar shi ya ƙyanƙyashe har ɗan ya girma, sai ga ɗigo-ɗigo a jere, kowane da tazararsa, kamar an sa ma'auni. Ikon Allah ne, wannan ba gardama. Abin da masana suka daɗe suna bin sawunsa shi ne hanyar da abin ke bi kafin ya bayyana.

Ni tambayar ta same ni ne a cikin jirgin sama, wata rana da ƙarshen damina, muna gab da sauka Yamai. Na leƙa ta taga sai na hango daji a ƙasa ya yi ratsi-ratsi: layin itatuwa kore shar, sai layin ƙasa fayau ba ko ciyawa, sai wani layin itatuwan, haka har iyakar ganina. Na ce a raina, lalle wani babban aikin dashen itace aka yi a nan. Dattijon da ke zaune kusa da ni, wanda daga baya na gane tsohon ma'aikacin gandun daji ne, ya ji ina faɗa wa kaina haka, sai ya yi dariya.

Na ce, “Baba, ba dashe ba ne?”

Ya ce, “Ɗana, ko ƙwara ɗaya ba wanda ya dasa. Haka dajin ke shirya kansa. In ka samu hali ka je wajen Kure, ka taka da ƙafarka.”

Abin da na gani a Kure

Na samu halin zuwa bayan ƴan watanni. Wannan kuwa tun kafin harin ranar 9 ga watan Agusta na 2020 ne, wanda ya yi sanadin mutuwar mutum takwas ya kuma sa masu ziyara suka ɗauke ƙafa daga wurin. Kure na da nisan kilomita kusan 60 daga Yamai ta hanyar Dosso, kuma yankin ne mafakar ƙarshe ta raƙuman dawan Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage. Da aka tsaya kan kare su, sun hayayyafa sun haura 600, har a 2018 aka ɗauki takwas aka kai gandun Gadabeji da ke jahar Maradi.

Mai rakiyarmu ya nuna mini wani abu da ban sani ba. Ashe in za a ƙidaya raƙuman, hoton kowane ake ɗauka ta dama da ta hagu, domin ba guda biyu da zanensu ya zo ɗaya. Ko uwa da ɗanta, za ka ga kama, amma in ka duba da kyau kowa da nasa.

Sannan muka hau tudun marmara inda dabbobin ke kiwo da damina. A ƙasa ba ka ganin ratsin nan da na hango daga sama. Abin da kake gani shi ne faƙo mai tauri kamar daɓe, ka yi tafiya cikinsa taku da dama, sai ka ci karo da kurmin geza da sabara wanda da ƙyar za ka kutsa. Ka fita ta ɗaya gefen, sai wani faƙon. Faransawa na kiran wannan daji brousse tigrée, wato daji mai ratsi irin na damisar Asiya. Wani Bafaranshe mai suna Clos-Arceduc ne ya bayyana shi a 1956, bayan ya yi nazarin hotunan da aka ɗauka daga jirgi a ƙasar Nijar.

Na koma gida da zane biyu a kaina, ɗaya a fatar dabba, ɗaya a doron ƙasar da take kiwo. Ban kawo cewa da alaƙa tsakaninsu ba sai da na ba wani abokina labari, mushen lissafi ne a wata lise. Ni dai tun a lakwal ba ma ga maciji da lissafi, shi ya sa da ya ce mini amsar tana cikin lissafi, na ce, “Mushe, don Allah bar ni da wannan.” Ya ce in ba shi lokacin shan shayi ɗaya kawai. Mun sha uku kafin mu tashi.

Mutumin da ya fara hango abin

Labarin ya fara da Alan Turing, masanin lissafi ɗan Ingila da aka haifa a 1912. An fi saninsa da aikin warware saƙonnin sirrin sojojin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, da kuma aza harsashin ilimin kwamfuta. Hotonsa ne ke kan takardar fam 50 ta Ingila tun 2021. A 1952, yana jami'ar Manchesta, ya buga wata maƙala kan tambayar da ta yi kama da tawa ta zabuwa: ɗan tayi yana farawa ne a matsayin ƴar dunƙulen ƙwayoyi masu kama da juna, to yaya ake yi wasu su zama nan, wasu su zama can, har siffa ta fito?

Amsar da ya bayar ta saɓa wa abin da muka saba gani. In ka ɗiga shuni a kwanon ruwa, bazuwa yake yi har ruwan ya zama launi ɗaya. Bazuwa ke nan, aikinta shafe bambanci. Turing ya nuna ta hanyar lissafi cewa in sinadarai biyu ne ke bazuwa, suna kuma yi wa juna tasiri, ɗaya kuma ya fi ɗaya saurin tafiya, to bazuwar da kanta za ta iya haifar da ɗigo ko ratsi a wurin da da yake bai ɗaya. Ya rasu a 1954 yana da shekara 41, bai ga inda tunanin nasa ya kai ba.

Shekara 20 bayan maƙalar, a 1972, wasu masana biyu a Jamus, Alfred Gierer da Hans Meinhardt, suka fayyace sharaɗin da sauƙi. Sinadari na farko mai zuga ne: inda ya samu kansa yana ƙara yawan kansa, amma ba ya nisa. Na biyu mai hani ne: na farkon ne ke haifar da shi, aikinsa danne na farkon, kuma yana saurin bazuwa nesa.

Da na ce wa abokina har yanzu ban kama ba, sai ya kawo mini misalin kasuwa. Ya ce in duba kasuwannin ƙauye. Inda mutane suka fara taruwa, nan mai tsire zai kafa tukubarsa, mai shayi ya zo, mai gyaran babur ya biyo, taro na ƙara jawo taro. Wannan shi ne zuga, kuma a wuri ɗaya take aiki. To amma kasuwar nan tana janye masu saye daga duk ƙauyukan da ke kewaye, har wata ba za ta iya tsayawa kusa da ita ba. Wannan shi ne hani, kuma yana kaiwa nesa. Sai ka wuce iyakar inda mutum zai iya zuwa ya dawo a yini kafin wata kasuwar ta samu gindin zama. Ba wanda ya ɗauki igiya ya auna, amma a ƙarshe sai ka tarar da kasuwanni a warwatse da tazara mai kama da juna. Ya ce, “Ka mai da kasuwa baƙin ɗigo, ka mai da ƙasar fatar ɗan tayi, ka fahimci Turing.”

Daga nan ne ma na gane dalilin da ya sa raƙuman dawa biyu ba sa zane ɗaya. Ƙa'idar ita ke tsai da girman dabbaren da tazarar da ke tsakani. Inda na farko zai faɗa kuwa, ɗan bambanci ne ƙanƙani a farkon lamari ke yanke shi, irin wanda ba ya maimaituwa.

Ya aka san ba tatsuniya ba ce?

Tambayar da na yi masa ke nan, domin lissafi na iya yin kyau a takarda ya kasa a fili.

Ya fara da James Murray, masanin lissafi da ya yi aiki a jami'ar Oxford, wanda a shekarun 1980 ya sa wannan ƙa'ida a kwamfuta yana canza girma da siffar fatar. A ƙaramin fili sosai ba zanen da ke fitowa. Fili ya ɗan ƙaru, sai rabi ya yi baƙi rabi fari, abin da zai tuna maka da tunkiyar uda. Ya ƙara girma, sai ratsi da ɗigo, har da dabbare-dabbare irin na raƙumin dawa. A wuri siriri mai tsawo kuma, kamar wutsiya, ɗigo ba ya samun wurin zama, sai ya koma zobe-zobe. Daga nan Murray ya fitar da hasashen da kowa zai iya gwadawa: za ka ga dabba mai ɗigo a jiki da ratsi a wutsiya, amma da wuya ka ga mai ratsi a jiki da ɗigo a wutsiya. Duk wanda ya taɓa ganin inyawara, wannan ƴar dabbar da ke yi wa kaji ɓarna da dare, ya ga shaida: jiki ɗigo-ɗigo, wutsiya zobe-zobe.

A 1990 masana a birnin Bordo na Faransa suka samar da irin wannan zane da sinadarai zalla a ɗakin gwaji. A 1995 wani ɗan Japan mai suna Shigeru Kondo da abokin aikinsa suka bibiyi wani kifin teku mai ratsi yana girma. Da zanen kafaffe ne kamar na atamfa, da kifin ya girma sai ratsin su yi faɗi su nisanci juna. Abin da suka gani shi ne tazarar ba ta canzawa, sababbin ratsi ne ke tsagowa tsakanin tsofaffi, daidai yadda lissafin ya faɗa tun kafin a duba. A 2014 masu bincike a Basalona suka nuna cewa irin wannan tsari ne ke raba yatsun ɗan tayin ɓera. A 2023 kuma wasu a Edinbara suka nuna haka game da zanen yatsan mutum, wannan da muke dangwalawa in za a yi mana rajista.

Abokina ya ja mini kunne a nan. Ya ce ganin zane ya yi kama da na kwamfuta bai isa hujja ba, sai an gano ainihin mai zugar da mai hanin a jikin halittar. A wasu halittun an gano su. A wani ƙaramin kifi da masana ke yawan gwaji da shi, ƙwayoyin launin ne da kansu ke taka wannan rawa, suna taimakon juna a wani nisa, suna kashe juna a wani.

Mu koma dajinmu

To ina ruwan wannan da geza da sabarar Kure? Ruwa ne kuwa ya haɗa su.

Yankin Yamai na samun ruwan sama milimita 500 zuwa 600 a shekara, cikin ƴan watanni. Wannan bai isa ya ciyar da kurmi a ko'ina bisa tudun marmara ba. Tudun na da ƴar gangara wadda ido ba ya gani, sau da yawa ba ta kai mita ɗaya cikin mita 100 ba. In ruwa ya sauka kan faƙo, ɓawon da ke samansa ba ya barin ƙasa ta sha, sai mafi yawansa ya malala. Yana isa layin itatuwa sai ya tarar da ganyen da ya zube, da saiwoyi, da ramukan gara, nan ƙasa ke shanye shi. Ta haka kurmin ke samun ninkin ruwan da ya sauka a kansa, wani lokaci ma fiye.

Ka ga mai zuga da mai hani sun fito. Itace na taimakon na kusa da shi, da inuwa, da taki, da buɗe ƙasa. Amma yana tare ruwan da zai wuce ƙasa da shi, sai bayansa ya bushe. Ba wani kurmin da zai iya tsayawa sai an samu isasshen faƙo da zai tara masa nasa ruwan. Tsiro na bazuwa a hankali, ruwa na gudu da sauri, sharaɗin Turing ya cika. A 1997 René Lefever da Olivier Lejeune na jami'ar Burasal a Beljiyam suka rubuta lissafin wannan daji. A 1999 wani Ba'amurke, Christopher Klausmeier, ya nuna cewa jimlolin lissafi biyu kacal, ɗaya ta ruwa ɗaya ta tsiro, sun isa su fitar da ratsin.

Lissafin ya kuma ce layukan za su riƙa hawa tudu a hankali. Na tuna abin da na gani da idona ban fahimta ba a lokacin: ta gefen da ruwa ke shigowa ciyawa ce da ƙananan tsirrai, ta ɗaya gefen kuma matattun itatuwa a tsaye. Dajin tafiya yake yi, ƙasa da mita ɗaya a shekara. Ana samun irinsa a Mali da Burkina Faso da Sudan da Somaliya, har Ostareliya da Meziko.

Abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta

Da ganin sha'awa ne kawai, da na bar shi a hirar shayi. Amma akwai abubuwa uku da suka shafe mu kai tsaye.

Na farko, faƙon nan da muke yi wa kallon ƙasar da ta mutu, shi ne rufin da ke tara wa kurmi ruwa. Masu binciken da suka yi aiki a Banizumbu, gabas da Yamai, sun bayyana wannan daji a matsayin tsarin tara ruwa da ya shirya kansa. Saboda haka mai kyakkyawar niyya da zai zo ya farfasa faƙon ya cika shi da dashe, yana iya yanke wa tsohon kurmin ruwansa, ga shi kuma sabon dashen ba lalle ya samu abin da zai ishe shi ba. Manomanmu sun riga sun san wannan hikima. Mai haƙa tassa ko rabin wata a jahar Tawa yakan bar fili a saman ramin don ya koro masa ruwa. Abin da yake yi da magirbi shi dajin ke yi da kansa.

Na biyu, sarar itace. Kowa ya san da me ake girki a mafi yawan gidajen Yamai, kuma kowa na ganin motoci da amalanke da raƙuma na shigowa da itace kullum. Kaso mai yawa daga irin waɗannan tuddai yake fitowa. Tun 1992 doka ta kafa kasuwannin itace na karkara domin mazauna ƙauyuka su riƙa kula da dajinsu suna cin moriyarsa. Abin da lissafin ya ƙara mana shi ne, ba yawan abin da aka sara kaɗai ne abin dubawa ba, har da inda aka sara. In aka huda layi aka yi masa ƙofa, ruwa ya samu hanyar wucewa da gudu. Abin da da ƙasa ke sha sai ya koma zaizaya, sauran itatuwan da gatari bai taɓa ba su ma su ji a jikinsu. In kurmin ya tafi, abincin raƙuman dawa na damina ya tafi, sai su ƙara matsowa gonakin wake, rigimar da manoman yankin suka riga suka sani.

Na uku, zanen na iya ba da labarin lafiyar daji. Lissafin ya nuna cewa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, in ruwa na raguwa, daji kan bi matakai: da farko a rufe yake, sai ramukan faƙo su bayyana a cikinsa, sai ya koma layuka masu lanƙwasa, sai tsibirai na itace a tsakiyar faƙo, daga nan sai fili. Wani nazari da aka buga a 2006, wanda ya kwatanta tsofaffin hotunan sama da na baya a kudu maso yammacin Nijar, ya gano wuraren da da daji ya rufe sun koma masu ramukan faƙo bayan shekarun fari. A 2004 Max Rietkerk na ƙasar Holan da abokan aikinsa suka yi gargaɗin cewa matakin tsibirai na iya zama alamar daji na gab da rushewa gaba ɗaya, kuma in ya rushe, dawowar ruwa yadda yake a da ba ta isa ta mai da shi, domin ba sauran itacen da zai buɗe ƙasa ta sha. A 2021 shi Rietkerk ɗin da wasu suka sake duba batun, suka ce zanen na iya zama hanyar da daji ke bi ya kauce wa rushewar, yana rage yawan layukansa yana ƙara tazara maimakon ya mutu lokaci guda. Wannan ya burge ni, malami ya dawo ya gyara maganarsa da kansa. Kuma duk ta inda aka ɗauka, darasin bai canza ba: dajin na da dabarar jure fari matuƙar an bar masa sararin da zai sake shiri.

Kafin mu rabu na tambayi abokina me ya sa ba a koya mana wannan a makaranta ba. Ya ce lissafin da ke ciki na ƴan jami'a ne, amma tunanin ko ɗan kwalej zai ɗauka in aka nuna masa hoto. Hotunan kuwa yanzu kyauta suke. Duk mai wayar da ke hawa intanet zai iya buɗe taswirar tauraron ɗan adam, ya duba gabas da Yamai wajen Kure da Banizumbu, ya ga ratsin da idonsa. Masana daga Beljiyam da Amurka da Holan sun yi suna da nazarin irin wannan daji da ke bayan gidanmu. Ina fatan ɗaliban lissafi da na aikin gona a jami'ar Abdou Moumouni da sauran jami'o'inmu za su ƙara shiga wannan fage, domin su ne za su iya zuwa wurin damina da rani, su auna, su kuma zauna da masu saran itace da makiyaya a ji ta bakin juna.

Ni dai tun daga ranar, in zabi suka ratsa gabana a tsakar gida, nakan tsaya in ƙare musu kallo, har maiɗakina ta fara tambaya ko lafiya.